Amsa Daidai, Maki 4 Cikin 10: Fashin Baƙi Kan Aikin Lab Da Rubuta Rifot A Darasin Kalkulas

Idan kwamfuta ta fitar da amsa, amsar kuma ta zo daidai da ta malami, da wace hujja za a rage wa ɗalibi maki?

Da wannan tambayar ɗan ƙanwata ya shigo mini gida wata Juma'a bayan La'asar, riƙe da takardu huɗu da jan biro ya yi wa kaca-kaca. Yana aji biyu a jami'a, injiniyanci yake karantawa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo su: "Kawu, duba mani don Allah. An ce mu nemo girman tankin ruwa marar murfi, mai cin lita 4,000, wanda zai fi ƙarancin cin ƙarfe. Na samu tsawo mita 2, faɗi mita 2, zurfi mita 1. Ita ce amsar malam. Amma 4 ya ba ni cikin 10. Wanda ke kusa da ni amsarshi ma ta ɗan kauce, an ba shi 8."

Na duba. Shafin farko suna ne da lamba. Na biyu da na uku umarnin da ya rubuta wa kwamfuta ne, an kwafo shi yadda yake. Na huɗu hoto ne mai launi, ba a nuna me ke kwance ko me ke tsaye ba, ƙarƙashinsa lambobi uku. A gefe malamin ya rubuta kalma ɗaya da Turanci, wadda ma'anarta ita ce: "To, sai me?"

Ba shi kaɗai ba ne. Duk ƙarshen zango sai ka ji irin wannan ƙorafin a zaurukan WhatsApp na ɗalibai, har ya gangaro majalisar unguwa. Iyayen da suka matse aljihu suka sayi laftof sukan ɗauka ko dai malamin mugu ne, ko yaron ne ya tsaya wasa. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma a ganina rigimar ta taso ne daga rashin sanin abin da ake aunawa a wannan aikin tun farko.

Wane irin lissafi ne wannan?

Kalkulas lissafin canji ne. Na aji ɗaya yana duba abin da ya dogara da abu guda: nisan da mota ta ci daga Katsina zuwa Daura ya dogara da lokacin da ta yi tana tafiya. Zanensa layi ne a kan takarda, kowa na iya yi da fensir.

Na aji biyu shi ne mai dogaro da abubuwa da yawa. Yawan geron da gona za ta bayar ya dogara da taki, ya dogara da ruwa, lokaci guda. Manomi zai iya tambaya: in na bar ruwa yadda yake na ƙara taki buhu ɗaya, me zan ƙaru da shi? Wannan tambayar, a riƙe komai a motsa abu guda, ita ce ɗalibai ke kira fashiyal difarenshiyeshan, wato auna canji ta ɓangare ɗaya. In aka haɗa amsoshin ɓangarorin sai su ba da kibiya, wadda ake kira giradiyent, mai nuna ta inda hawa ya fi tsauri. Ruwan sama da ya sauka a kan tudu kishiyar wannan kibiyar yake bi.

A yawancin jami'o'in Najeriya ana gamuwa da wannan a kwas ɗin MTH 201, kuma ba 'yan sashen lissafi kaɗai ke ɗaukarsa ba. Masu karanta fiziks, injiniyanci, kimiyyar kwamfuta da ƙididdiga duk sai sun bi ta wannan lissafin, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua suke, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko Al-Qalam, ko Jami'ar Sufuri ta Daura.

Wahalarsa ita ce zanen ya tashi daga layi ya koma shimfiɗa mai tudu da kwari, abin da allo da alli ba sa iya nunawa da kyau. Ga misalin da na fi so, don duk Bakatsine ya san shi. Dubi sirdin doki ranar hawan sallah. Tsakiyarsa, inda mahayi ke zama, in ka bi ta gaba zuwa baya shi ne wuri mafi ƙasa, domin gaba da baya sun ɗaga. In ka bi ta hagu zuwa dama kuwa shi ne wuri mafi sama, domin gefuna sun gangara ta haƙarƙarin doki. Wuri ɗaya, kwari ne ta nan, tudu ne ta can. Masana lissafi ma da sunan sirdin suke kiransa, kuma z = x² − y² shi ne siffarsa. A daidai wurin duk canje-canjen ɓangare sifili ne, kamar yadda suke a ƙololuwar tudu ko ƙasan rami. Ɗalibin da ya haddace cewa "inda canji ya zama sifili nan ne mafi girma ko mafi ƙanƙanta" zai faɗa wannan tarkon ido rufe. Wanda ya taɓa juya hoton sirdin a allon kwamfuta da hannunsa, da wuya ya manta.

Ɗaya rabin darasin tarawa ne, wato intigireshan. A ce ana son sanin ruwan da kududdufi mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20 ke riƙewa. Sai a yanka samansa gida shida, kowane mita 10 sau 10, a zura gora a tsakiyar kowane gida. A ce an samu zurfin mita 1, 2, 1.5, 1.5, 3 da 2. Jimla 11, sau faɗin gida 100, ruwa ya kai kimanin kubik mita 1,100. In aka ƙanƙanta gidajen suka zama 600 amsar za ta fi matsawa kusa da gaskiya, amma wa zai zauna tara lambobi 600 da biro? A nan kwamfuta ta samu ƙofa.

Yadda kwamfuta ta shigo darasin

Shi kansa lissafin ya girme wa kwamfuta nesa ba kusa ba. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus suka kafa shi a ƙarni na 17, Leibniz ya wallafa nasa a 1684. Hanyar da ɗan ƙanwata ya bi wajen tankinsa ta Lagrange ce, mutumin ƙarni na 18. George Green, wanda har yau ɗalibai ke fama da ƙa'idarsa, ɗan mai injin niƙa ne a Nottingham, ya fitar da aikinsa a 1828. Dukkansu da alƙalami suka yi.

Sauyin ya taso ne daga Amurka. A 1986 malaman lissafi suka taru a Jami'ar Tulane kan damuwar cewa ɗalibai da yawa na faɗuwa kalkulas, waɗanda suka ci ɗin ma sun iya bin ƙa'ida ne kawai ba tare da sun san ma'anarta ba. Gyaran da ya biyo baya ya dage a kan cewa a nuna wa ɗalibi kowane batu ta zane, ta lambobi, ta alamomin aljebra, sannan a sa shi ya faɗe shi da kalmominsa. A daidai wannan zamanin ne manhajojin lissafi suka fara yaɗuwa: Maple daga Jami'ar Waterloo ta Kanada a farkon shekarun 1980, MATLAB da aka fara sayarwa a 1984, Mathematica a 1988. Zaman lab da rubuta rifot a darasin kalkulas 'ya'yan wannan haɗuwar ne, tagwaye suka zo. An kawo na'ura ta ɗauke wahalar ƙirga, sai aka ce wa ɗalibi tunda an sauke maka wannan kayan, ɗauki na bayani.

A nan gida, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a Disamban 2022, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ta ga ya dace. Saboda haka yawan aikin kwamfuta a darasin lissafi ya danganta da sashe da kuma malami. Wani zai ware zama na musamman a ɗakin kwamfuta, wani zai ba da aikin a tafi da shi gida, wani kuma har gobe allo ne da maka.

Bari in ɗan ratse. Masu ganin rubuta bayani a lissafi baƙon abu ne da Turawa suka ƙaƙaba mana, su tuna da Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, ɗan garin nan, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. A 1732 ya yi rubutu da Larabci kan hatimin lambobi, irin wanda duk layin da ka tara, kwance ko tsaye ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Abin da ya sa masana tarihin lissafi ke ambatonsa har yau shi ne ya rubuta hanyar gina su, mataki bayan mataki, yadda wani zai bi ya gina nasa. Da hatiman kawai ya zana ya bari, da ba mu da abin koya a wurinsa.

Abin da ake yi a ɗakin kwamfuta

A tsarin jami'a, yunit ɗaya na lacca awa ɗaya ne a mako, na firaktikal kuwa awa uku. A cikin awannin nan akan ba da takardar aiki mai tambayoyi kaɗan: zana wannan shimfiɗar ka juya ta, fitar da taswirarta mai layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, nemo wuraren da canji ya tsaya ka tantance wanne tudu ne, wanne rami, wanne sirdi, ƙiyasta cikin wani abu da gida 10, sannan 100, sannan 1,000, ka ga inda amsar ta dosa. Akan zauna bibbiyu ko uku-uku. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya zo ya riga ya karanta takardar, ya gwada ƙaramin misali da hannu, domin ya san kamannin amsar da yake jira. Wanda ya shigo hannu rabbana, rabin lokacinsa zai tafi wajen neman inda ya manta rufe baka ko saka waƙafi.

Kwamfuta ba ta jin kunyar kuskure

Nan ne zuciyar maganar. Mutum in bai tabbata ba yakan yi inda-inda, ka gane daga muryarsa. Kwamfuta kuwa da fuska ɗaya take ba da amsar gaskiya da ta banza.

Fara da ƙarami. Buɗe Python, ɗaya daga harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su, ka ce ta tara 0.1 da 0.2. Za ta ba ka 0.30000000000000004, saboda da tsarin sifili da ɗaya take ajiye lambobi, kuma 0.1 ba ya zama cif a wannan tsarin. Ka tambaye ta sin na 90, kana jiran 1 kamar yadda aka koya maka a sakandare, sai ta ce 0.894. Ba ta yi laifi ba: kai digiri kake nufi, ita da radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, take aiki, kuma ba za ta tsaya tambayarka ba. Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya lalata aikin awa uku, kuma hoton da zai fito zai yi kyau abinsa.

Akwai waɗanda suka fi wannan zurfi, na cikin darasin kansa. Ɗauki xy a raba da x² + y², a tambaya ina ya dosa in x da y suka kusanci sifili tare. In ka tunkaro ta kan layin x ko na y, sifili za ka gani. In ka biyo ta karkace, inda x da y suke daidai, rabi za ka gani. Hanya biyu, amsa biyu, ke nan babu wata amsa guda. Ɗan'uwansa, x²y a raba da x⁴ + y², ya fi shi wayo: duk miƙaƙƙen layin da ka biyo sifili zai ba ka, ko layi dubu ka gwada, amma ka biyo ta lanƙwasar y = x² sai rabi ya fito. Ɗalibin da ya sa kwamfuta ta gwada layuka 50 ya ga sifili sau 50 zai rantse ya gama, alhali bai tabbatar da komai ba.

Wani kuma, wanda nakan nuna wa duk mai cewa na'ura ta gama magana: a tara x² − y² da aka raba da (x² + y²)² a kan murabba'in da ya tashi daga 0 zuwa 1 ta kowane gefe. In ka fara tarawa ta y sannan x, amsa π/4. In ka fara ta x sannan y, amsa −π/4. Kwamfuta za ta ba ka kowacce ka nema ba tare da ta ɗaga gira ba. Dalili shi ne ƙa'idar Fubini, wadda ta halatta sauya jerin tarawa, tana da sharaɗi, kuma wannan misalin ya karya shi a kusurwar da x da y suke sifili. Sanin sharaɗin aikin mutum ne.

Kada a ce wannan wasan aji ne. A 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare na ma'aikata ya ba da lambobi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren ya karanta su a matsayin ma'aunin mita. Kwamfutocin sun yi lissafinsu daidai. Lambobin ne suka tafi ba tare da an rubuta ma'auninsu yadda kowa zai gane ba. Shi ya sa malami ke jan layi a ƙarƙashin lamba irin "12" in ba a biyo ta da "murabba'in mita" ba.

To me malami ke nema a rifot?

Amsar ƙarshe malami ya riga ya san ta, yana da ita a aljihu tun kafin ya ba da aikin. Abin da bai sani ba shi ne ko wanda ya kawo ta ya san daga ina ta fito, kuma rifot ne kaɗai shaidar da zai iya dubawa. Ma'aunin da nakan ba ɗalibai shi ne: rubuta yadda abokinka da bai zo lab ba ranar, saboda zazzaɓi, zai karanta ya gane, har ya iya maimaita aikin.

A aikace, yana son ganin tambayar an faɗe ta da kalmomin ɗalibi. Yana son ganin yadda aka mayar da tanki ya zama lissafi: tsawo x, faɗi y, zurfi z, ƙarfen da za a ci shi ne gindi xy da bango huɗu 2xz + 2yz, sharaɗi kuma xyz ya zama 4, domin lita 4,000 kubik mita 4 ne. Wannan layukan uku su ne suka fi komai tsada a duk aikin, kuma su ne ɗan ƙanwata ya tsallake, wai ai suna cikin umarnin da ya rubuta wa kwamfuta. Suna ciki, amma a binne. Umarnin akan kai shi ƙarshe ne a matsayin rataye, ko a ɗauko guntun da ya zama dole a yi masa bayani.

Hoto kuma sai an sa masa lamba da suna, an rubuta abin da kowane gefe ke wakilta da ma'auninsa, an kuma ambace shi a cikin rubutu. Hoton da ba a ce komai a kansa ba ado ne. Lambobi su ma a taƙaita su: rubuta 1.587401052 a matsayin tsawon ƙarfen da za a auna da tef nuna rashin sanin aiki ne.

Sai gwaji, wanda shi ne ke raba mai 4 da mai 8. Ta yaya ka san mita 2 da 2 da 1 shi ne mafi ƙaranci, ba sirdi ba? Ƙarfensa murabba'in mita 12 ne. Gwada tankin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa suke daidai, kusan mita 1.59, za ka samu 12.6. Gwada dogo siriri, 1 da 1 da zurfin 4, za ka samu 17. Wannan bai zama hujja ta ƙarshe ba, akwai gwajin canji na biyu da ke tabbatarwa, amma ya nuna ɗalibin bai karɓi amsa ido rufe ba. Da na matsa wa ɗan ƙanwata, sai ya faɗa mini cewa abokin nasa mai 8 ya yi kuskuren shigar da lamba ne, ya ga amsarsa ba ta dace da gwajin da ya yi da hannu ba, lokaci ya ƙure, sai ya rubuta hakan ƙarara ya nuna inda yake zargin matsalar take. Ni ma da 8 zan ba shi. Injiniyan da ke gane cewa lissafinsa ya karkace shi ake so a kan gada.

Inda ɗalibai ke da gaskiya

Duk da haka ba zan wanke malamai tas ba. Ƙorafin farko da ke da nauyi shi ne sau da yawa ba a faɗa wa ɗalibi abin da ake so sai bayan ya faɗi. Yaro ya taso tun firamare har JAMB ana auna shi da amsa, zaɓi A ko B, rana ɗaya a ce amsa ba ta wadatar ba. Malamin da zai yanke maki a kan bayani, haƙƙi ne a kansa ya raba takardar da ta nuna yadda makin ya kasu, ya kuma nuna samfurin rifot mai kyau da marar kyau a makon farko. Kalma ɗaya da jan biro ba koyarwa ba ce.

Na biyu shi ne harshe. Ɗalibi na iya fahimtar sirdi sarai, ya yi maka bayaninsa da Hausa har ka gamsu, amma ya kasa ɗaura jimla uku da Turanci. In makin ya koma na nahawun Turanci, an sauka daga kan abin da ake aunawa. Gajerun jimloli masu ma'ana sun isa, kuma ya kamata malamai su faɗi haka da bakinsu.

Na uku kayan aiki. Mutum huɗu a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya ke dannawa uku na kallo, ga wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Wanda ke da laftof a ɗaki zai maimaita aikin da dare, wanda ba shi da ita sai ya bi layin shagon kwamfuta ya biya kuɗi. In ba a kula ba makin zai auna aljihun uba ne.

Akwai kuma tsofaffin malaman lissafi da ke adawa da abin gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce ɗalibin da na'ura ke yi wa difarenshiyeshan hannunsa zai mutu, ranar jarrabawa kuma ba kwamfuta a gabansa. Ba su yi ƙarya ba, na ga irin waɗannan ɗalibai. Inda na saɓa da su shi ne maganin: a sa ɗalibi ya fara da hannu sannan ya tabbatar da na'ura, kuma rifot ɗin ya nuna duka biyun.

Kwafe, da sabon baƙon da ya shigo

Aikin rukuni na da ƙa'idar da ɗalibai ke yawan takawa ba da niyya ba. A bisa al'ada an yarda ku tattauna, ku rubuta umarnin kwamfuta tare in an haɗa ku, amma bayanin kowa ya rubuta nasa, sai in malami ya ce rifot ɗaya rukuni zai kawo. Fayil ɗaya da ya zaga aji ana canza suna ba ya ɓuya, domin kuskuren mutum na farko yana bin sauran kamar bindi.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 abin ya sauya kama. Yanzu na'ura na iya rubuta bayanin ma, da Turanci mai santsi, wani lokaci da kuskuren lissafi a tsakiya wanda ɗalibin ba zai gani ba. Abin da nake hasashe shi ne malamai za su ƙara karkata ga tambayar baki: a kira ka minti biyar, a nuna layi ɗaya a rifot ɗinka a ce me ya sa ka raba da 2 a nan. A ajin mutum 200 wannan aiki ne mai cin rai, amma ban ga wata hanya da ta fi ta ba.

Abin da ya shafi aljihu da sakamako

Makin lab yakan shiga cikin makin aikin zango, wanda a yawancin jami'o'i 30 ne ko 40 cikin 100. Tunda 70 ne A, 60 B, 50 C, ƙasa da 40 kuma faɗuwa, maki biyar ko shida da aka zubar a rifot na iya sauke ɗalibi daga mataki zuwa na ƙasa, ko su jawo masa maimaita kwas. Ga shi kuma su ne makin da suka fi sauƙin samu, don a ɗaki ake rubuta su ba agogo a kai.

Ga iyaye, ba dole ne a sayi na'ura mai tsada ko manhajar kuɗi ba. MATLAB da Mathematica na kuɗi ne, amma Octave kyauta ce kuma tana karɓar mafi yawan umarnin MATLAB, Python kyauta ce, GeoGebra kuma tana zana shimfiɗa mai tudu da kwari a kan wayar hannu, ka juya ta da yatsa. Tsohuwar laftof ta hannu ta wadatar. A dai fara tambayar wace manhaja sashen ke amfani da ita kafin a kashe ko sisi.

Abin da mai walda ya ƙara

Da muka gama, na ce wa ɗan ƙanwata akwai sashe ɗaya da ya rage, wanda ake tambayar ko amsar za ta yi aiki a zahiri, kuma ba ni ne zan koya masa shi ba. Washegari muka je wajen wani mai walda da na sani a wajen Ƙofar Ƙaura. Yaron ya karanta masa awon. Mutumin ya goge hannu da tsumma, ya ɗan yi shiru, ya ce: "Malam, falle ai ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Wannan awon naka falle shida zai ci, kowane sai na yanke gefe da baki na zubar. Ka bar ni in yi maka ƙafa 8 da 4 da 4. Falle huɗu, ba abin da zai faɗi ƙasa."

A kan hanya yaron ya buga a wayarsa. Falle ɗaya kusan mita 2.44 ne da 1.22. Tankin mai walda zai ci lita 3,600 da 'yan kai, ya gaza nasa da ƙasa da lita 400, amma da falle huɗu maimakon shida. Lissafin yaron ya rage ƙarfen da ke jikin tanki ne, murabba'in mita 12, alhali wanda za a biya kuɗinsa a kasuwa ya kusa 18. Ya tsaya a bakin titi yana kallon wayar, sannan ya ce, "Kawu, wannan a ina zan sa shi, a ƙarƙashin sakamako ko tattaunawa?"

Na ce tattaunawa, kuma ya rubuta girman fallen da inda ya samo shi.